Faɗakarwa Game Da Sa: Karkiya Tukuna, Kana Wuƙa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan faɗakarwa ce zuwa ga malamai ma'abota allo da tawada, da fatake da dillalai da mahauta, a kan wata ɓarna wadda ta yawaita har ido ya saba da ita, watau gaggawar kai maruƙa da shanu masu ciki mayanka. Duk wanda ya tsaya a kara ranar kasuwa, ko a Wudil, ko Maigatari, ko Potiskum, ko Illela, ya dubi abin da a ke lodawa a manyan motoci zuwa Ikko da Badun, ya san wannan magana ba ƙage ba ce. A tsakanin manyan bijimai ga maraƙin da bai ko sake haƙori ba, ga saniyar da cikinta ya fito fili. Mai su ya karɓi kuɗi ya tafi gida yana murna, alhali kuwa irin shukarsa ya dafa ya ci.

A sani cewa Bahaushe bai tara namijin shanu a suna ɗaya ba. Ƙarami shi ne maraƙi. Wanda ya ƙasaita a ka bar shi don barbara shi ne bajimi. Wanda a ka fiɗiye, idan an hore shi ga ɗaukar kaya ya zama takarkari, idan an ɗora masa karkiya ya zama san huɗa, idan kuwa an ɗaure shi a gida a na ciyar da shi don ya yi ƙiba, ya zama san turke. Yawan sunayen nan shaida ce ta yawan amfani. To, kimanin rabin abin da shanu ke haifa maza ne, garke kuwa ba ya bukatar bijimai da yawa, guda ɗaya nagari ya kan ishi mata masu yawa. Sauran mazan fa, me za a yi da su? Amsar da magabata su ka bayar da aikinsu ita ce: a more ƙarfinsu tukuna, a ci namansu daga baya.

Fiɗiya ba abin ƙi ba ce a shari'a idan dabbar ta ci ce. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya bayyana halaccin fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, ya kuma ambaci hani a kan dawaki, masu sharhi kuma sun riskar da shanu ga hukunci na farko. Fa'idarta a fili ta ke: sa ya kan yi sanyin hali, ya bar faɗa da tsinke igiya, ya tara nama da kitse. Manoma da yawa a ƙasar Hausa su kan ɗaura wa bijimai karkiya ba tare da fiɗiya ba, wannan ma ba laifi. Amma wanda ya yi nufin yi, ya yi ta tun dabba tana ƙarama, a lokacin sanyi da ƙudaje ke ƙaranci, a hannun malamin dabbobi mai ƙarfen da ke matse jijiya ba tare da zub da jini ba. Dandaƙa irin ta da, azaba ce wadda yanzu ba ta da uzuri.

Tun kafin zuwan Turawa takarkari ke ɗaukar kanwa da hatsi tsakanin Borno da Kano da Damagaram. Amma noma da shanu baƙon abu ne a lokacin. A wajen shekarar 1928 ne ma'aikatan gona su ka fara koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu, a shekarar nan kuma a ka kafa gonar kiwo ta Shika kusa da Zariya. En'e ta riƙa ba manomi rancen shanu biyu da garma, ya biya a hankali cikin 'yan shekaru. Da fari mutane sun yi ɗari-ɗari, amma gani ya kori ji. Da su ka ga abin da magidanci ke kwanaki yana fama da shi da garmar hannu shanu biyu sun gama shi da hantsi ɗaya ko biyu, sai abin ya bazu a ƙasar gyaɗa da ta auduga, har ya zama wanda ba shi da shanun huɗa sai ya jira masu su su gama nasu kafin a zo masa jinga.

Ga lissafin, mai hankali ya duba. Manomi ya sayi maruƙa biyu masu shekara uku ko kusa da haka, ya hore su. Da damina su yi masa huɗa, su yi wa maƙwabta a biya shi. Da kaka su ja amalanke su kwaso dawa da gero da harawa. Da rani su kai taki gona, su ɗebo ruwa da ƙasar gini. Dare kuwa suna turke suna zuba kashi da fitsari a kan ragowar kara, wanda shi ne takin da ke rayar da jigawa, ya sa ta riƙe danshi, abin da takin zamani shi kaɗai ba ya yi. Bayan damina huɗu ko biyar, shanun nan sun cika, sun yi tozo. Sai ya hutar da su wata biyu ko uku, ya ba su harawa da dusa da ƙowa da angurya da ɗan kanwa, kana ya kai su kara gab da Salla. Kuɗin da zai karɓa ya kan sayi wasu maruƙa biyu, har a sami ragowar da za a yi wa 'ya kayan ɗaki. Tarakta tana da nata amfani a babbar gona, amma kullum ta yi aiki darajarta raguwa ta ke yi, ga man da ta ke sha, ga kayan gyaran da sai an kawo daga waje. Sa kuwa yana aiki yana ƙara tsada, abincinsa kuma daga gonar da ya huɗe ya ke fitowa. Wanda ya yanka maraƙi yana ɗan shekara ɗaya da rabi ya yanke dukkan wannan alheri, ya ɗauki mafi ƙanƙantar rabo.

Ko ta wajen nama a ka duba, haƙuri ya fi riba. Mai kilishi ba ya samun faffaɗar tsoka ta shanyawa sai a cinyar babban sa. Mai tsire da balangu yana neman tozo da kitsen da maraƙi bai tara ba. Masu watanda, waɗanda ke haɗa kuɗi su sayi sa su raba nama ranar jajibere, sun san kason ƙosasshe daban ya ke da na ramamme. Majemi ma ya san bambancin ƙirgi. Hawan ƙaho da mahauta ke yi a gaban sarakuna bai zama abin kallo ba sai don girman san da a ke hawa. Shari'a kuma ta sa iyaka a wajen layya: a mazhabar Maliku sa ba ya isarwa sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, fiɗiyayye kuma yana isarwa, har ya kan fi wanda ba a fiɗiye ba idan ya fi shi ƙiba. Sai dai a lura, a mazhabar nan rago ya fi sa falala a layya, kuma ba a tarayya a cikin kuɗinta. Saboda haka watanda cin nama ce halattacciya, amma ba ta zama layya.

Wani zai ce, ai mai sayar da maraƙi ba don daɗi ya ke sayarwa ba. Gaskiya ne. Akwai wanda rashin lafiya ta faɗo wa gidansa, akwai wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Akwai kuma babbar musiba ta ɓarayin shanu wadda ta addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari fiye da shekara goma, har manomi ya ga gara ya rabu da shanun huɗarsa da araha da a zo a kore su da dare, a haɗa da ransa. Irin waɗannan ba abin zargi ba ne, abin tausayi ne, kuma tsare rai da dukiya nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma. Amma tilas ta sa mai shi sayarwa, ba ta tilasta wa mai saye ya kai mayanka ba. Maraƙin nan da ya fito daga hannun mabukaci yana iya komawa hannun wani manomi a inda a ke zaune lafiya. A nan ne zaɓi ya ke ga ɗan kasuwa.

Batun saniya mai ciki ya fi muni. Namanta halal ne, ba mai jayayya, amma halacci daban, maslaha daban. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, karsanar Bunaji a ruga ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai wajen shekara huɗu, sau da yawa kuma ba ta sake wata sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Garke abu ne mai saurin rushewa, mai jinkirin ginuwa. Tarihi ya nuna haka. A wajen 1890 annobar bushiya ta share mafi yawan shanun ƙasashen nan, Fulani masu dukiya su ka wayi gari da sanda kaɗai. An kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, an fara babban gangamin allura a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru a 1962, duk da haka cutar ta sake ɓarkewa a 1983, ga fari a bayanta. Sai a 2011 a ka yi shelar ta ƙare a duniya baki ɗaya. To, Allah ya ɗauke wa mutane bushiya, bai kamata su maye gurbinta da wuƙarsu ba.

Malamai sun san cewa mai karɓar zakka ba ya ɗaukar dabba mai ciki, ko mai shayarwa, ko namijin barbara, ko wadda a ka turke, domin su ne zaɓaɓɓun dukiya. Abin da shari'a ta hana jakadanta ya taɓa saboda darajarsa, ƙaƙa mai shi zai miƙa shi ga mahauci a kan kuɗin nama? Sun kuma san nisabin shanu talatin ne, a fid da maraƙin da ya cika shekara biyu, a arba'in kuwa saniyar da ta cika uku, kuma a wurin Maliku shanun aiki da na turke duk a na lissafa su. Ya kamata a riƙa karantar da babin nan a zaure yadda a ke karantar da babin tsarki, a haɗa da haƙƙin dabba: kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa, kada a yi huɗa da ita cikin tsakar rana, kada a sa karkiya a kan gyambo, kada a yi mata lamba a fuska, kada a cusa ta a mota kwana biyu ba ruwa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Idan malami mai gona ya kyautata wa shanunsa, almajiransa sun karanta darasin ba da allo ba.

Shawara ga attajirai da fatake ita ce su mai da wani yanki na jarinsu ga maruƙan nan. Su saye su a kara, su sayar wa manoman kirki bashi, da farashi sananne da ajali sananne, a gaban shaidu, a rubuta, ba tare da ƙari ba idan ajali ya wuce. Ko kuwa su ajiye shanun a matsayin nasu, su ba da su haya da lada ayyananne. Duka biyun ciniki ne ingantacce, sun kuma kuɓuta daga riba da jahilci a cikin sharaɗi. Abin da En'e ta yi da kuɗin baitulmali a da, 'yan kasuwar gari guda suna iya yinsa yau. Shawara ga Sarkin Fawa na kowane gari kuwa ita ce ya tara mahautansa su ɗaura alkawari: ba a kayar da saniya sai malamin dabbobi ya shafa ta, in an sami ciki a mai da ita kara a sayar wa mai kiwo. Dillali ma ba zai rasa la'adarsa ba, sau biyu ma zai ci, ranar sayen maraƙi da ranar sayar da ƙosasshen sa.

Manomi shi ma yana da nasa. Shanun huɗa sun fi rama a ƙarshen bazara, daidai lokacin da a ke bukatar ƙarfinsu. Wanda ya sayar da harawarsa duka da kaka, ko ya bar karansa wuta ta ci, zai wayi gari ranar ruwan shuka da shanun da ba su iya jan garma. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaga harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa tun tana kore, a tara kara, a ware kason watan ƙarshe kada a taɓa shi. Ƙissar Annabi Yusufu, tsira ya tabbata a gare shi, da mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai ƙosassu da bakwai ramammu, ta isa wa'azi ga mai tanadi.

Ƙarshen sa wuƙa ce, ba mai musun wannan, don haka a ka hore wa ɗan Adam shi. Abin nema kawai shi ne kowane abu ya zo a kan lokacinsa: nono ga maraƙi, karkiya ga matashi, turke ga wanda ya gama aiki, sa'an nan mayanka. Wanda ya bi wannan jeri ya ci hatsi, ya ci nama, ya bar wa ɗansa gona mai rai. Allah ya sa albarka a garke da rumbu, ya mai da wa waɗanda a ka zalunta dukiyarsu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Wassalamu.