Kada Mu Sayar da Muryar Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda ya leƙa ɗakin kwamfuta a yau zai tarar da shi tsit. Ɗalibai suna aiki, amma ba ka jin komai sai motsin yatsu. Mu da muka fara taɓa kwamfuta a shekarun 1990 mun san ba haka ɗakin yake ba a da. A zamaninmu kwamfuta tana magana, mu kuma muna gane abin da take faɗi.

Da ka kunna ta, sai fankarta ta taso, faifan cikinta ya fara juyi. Daga nan kowa ya kasa kunne yana jiran "tit" guda ɗaya. Tun daga kwamfutar IBM ta 1981, injin yakan binciki kansa kafin ya fara aiki. In ya sami komai lafiya, sai ya yi gajeren kuka sau ɗaya. In kuwa ya yi ta maimaitawa, to, akwai matsala, wataƙila a ƙwaƙwalwarsa ko a sashen da ke aika hoto zuwa allo. Malami yakan ƙirga kukan ya san inda zai duba, kamar yadda bakanike yake sauraron inji kafin ya ɗauki sifana.

Sai faifan fulofi, wanda muke yawo da shi a aljihu. Megabait 1.44 kaɗai yake ɗauka, ko hoto ɗaya na wayar zamani yakan fi ƙarfinsa. In ka zura shi ya yi ɗan gurnani ya yi shiru, aikinka ya adanu. In gurnanin ya ƙi ƙarewa, gabanka ya faɗi, domin ka san wahalar mako guda ta tafi. Na'urar buga takarda kuwa, allurai 9 ko 24 ne suke dukan ribon a kan takarda. Daga aji muke jiyo ihunta, mu san an fara buga sakamakon jarrabawa.

Waɗanda suka riski intanet ta layin tarho ba za su manta da tsuwwar modem ba. Na'urori biyu ne suke gaisawa, suna gwada layin don su daidaita a kan saurin da za su yi zance, wanda bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Ga kuma ɗan kiɗan buɗe Windows 95, wanda Brian Eno, mawaƙi ɗan Ingila, ya tsara. A 2025 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin sautukan da ya kamata a adana.

Wani zai ce mana, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A'a, muna jin daɗin bana ƙwarai. Kamfanin Sony ya daina yin fulofi tun 2011, ba kuma mai kukan rashinsa. Ma'ajiyar kwamfutar yau ba ta da abin da ke juyi, shi ya sa ta yi shiru, ta kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Damuwarmu ɗaya ce. Ƙarar nan ita ce ta sa muka riƙa tambaya, "Malam, mene ne yake motsi a ciki?" Daga wannan tambaya ilimi ya fara. Yaron da bai taɓa jin inji yana aiki ba, da wuya ya yi sha'awar sanin cikinsa. Zai iya danne-danne, amma ranar da na'ura ta tsaya, shi ma ya tsaya.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta, kada a kwashe tsofaffin kwamfutocin da ke sito a sayar wa 'yan gwangwan gaba ɗaya. A ware ko guda ɗaya a gyara. Tsofaffin ɗalibai da iyaye, mai fulofi ko ribon a gida ya kawo. Kowane zango a buɗe murfinta, a kunna ta a gaban 'yan aji ɗaya, su ji, su gani, su yi tambaya. Ku kuma ƙannenmu, in ranar ta zo, ku yi shiru ku kasa kunne. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.