Kafin ku sallami yara daga ajin koyon manhaja

Tun da Jensen Huang, shugaban kamfanin Nvidia, ya tashi a taron gwamnatocin duniya na Dubai a watan Fabrairun 2024 ya nuna cewa ba dole ba ne yara su koyi rubuta manhaja, wai yanzu harshen mutane ya wadatar wajen ba kwamfuta umarni, maganar ta zama bulalar dukan duk malamin da ya ba ɗalibi ƙaramin aiki. Bayan shekara guda masanin ƙirƙirarriyar basira Andrej Karpathy ya zo da salonsa na ka faɗa wa na'ura abin da kake so, ka karɓi abin da ta ba ka ko dubawa ba ka yi ba. Shi dai ya ce wannan ya dace da ayyukan wasa na ƙarshen mako, amma samarinmu sun yar da wannan sharaɗin, sun rungumi sauran. Yau ka ce wa mai koyo ya rubuta shirin da zai tara lambobi daga 1 zuwa 100, sai ya ce maka ɓata lokaci ne, ChatGPT zai yi.

Huang ɗan kasuwa ne. Kayan da ƙirƙirarriyar basira ke gudana a kai su yake sayarwa, kuma duk wanda ya jingina da ita ciniki ya kawo masa. Shi kansa injiniyan lantarki ne da ya yi karatu a Oregon da Stanford, kamfaninsa kuma cike yake da mutanen da suka ƙware a harshen rubuta manhaja na C++. Abin da ya tsaya a kansa ne yake cewa 'ya'yan wasu ba sa bukata, mu kuma muna tafa masa.

Ku dubi abin da ake rainawa. Ana ba mai koyo aikin gano shekarar da Fabrairu ke cika kwana 29. Zai ce ai duk shekarar da 4 ke rabawa ce, ya rubuta, ya ji daɗi. Sai a ce ya gwada 1900. Nan zai gane cewa shekarar da ta cika ƙarni ba ta shiga sai 400 ta raba ta, shi ya sa 2000 ta shiga, 1900 ba ta shiga ba. Aikin bai wuce layi biyar ba, amma har yau Excel na kamfanin Microsoft yana karɓar 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, kuskuren da ya gada daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3. Ko a ce wa mai koyon ya tara 0.1 da 0.2 a harshen Python, ya ga ta ba shi 0.30000000000000004. Daga ranar ba zai ƙara lissafa kuɗin mutane da lambobi masu ɗigo ba, zai koma ƙirga kwabo. Ko ya nemi lambobi daga 1 zuwa 100 ya ga ta tsaya a 99, ya yi ta juyi har ya gano dalili da kansa. Wannan juyin shi ne karatun. Babu wanda ya taɓa sauke Alƙur'ani bai bi ta babbaƙu da farfaru ba.

Masu raina atisaye za su ce ai haka aka yi ta kuka lokacin da kalkuleta ta zo. Wannan ba hujja ba ce. Kalkuleta ba ta ƙaga amsar ƙarya ta miƙo maka cikin kyakkyawan lafazi. Na'urar yau tana yi, kuma wanda bai taɓa gyara kuskurensa na layi biyar ba, ta yaya zai hango kuskurenta a layi ɗari biyar? A 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti guda da tashinta saboda an cusa babbar lamba a ma'ajin da bai isa ya ɗauke ta ba, darasin da ake koya wa ɗan aji ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cutar nan tsohuwa ce a wurinmu, riga kawai ta canja. Shekara da shekaru ana yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta da haddar takardun da malami ya sayar musu, su rubuta shiri da biro a takardar jarrabawa, shirin da bai taɓa shiga kwamfuta ba balle a san ko yana aiki. Wanda ya fi hadda shi ne gwarzo. Jiya hadda, yau kwafe, kuma da yawa daga masu ɗaga murya cewa atisaye ya zama tsohon yayi su ne dama ba su taɓa bayar da shi ba, don duba aikin ɗalibi ɗaya bayan ɗaya wahala ne. Ga kuma masu tallar kwas na mako shida, da hoton takardar shaida da alƙawarin albashi da dala. Su ma ba sa son ƙananan ayyuka, saboda aikin ne ke tona wanda ya iya da wanda ya biya kuɗi kawai. Tun 2007 masu ɗaukar ma'aikata a ƙasashen waje ke amfani da gwajin FizzBuzz, wato buga lambobi daga 1 zuwa 100 tare da sauya waɗanda 3 ko 5 ke rabawa da wata kalma, don sun ga masu digiri suna kasawa.

Gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3. Ni ba yawan waɗanda suka yi rajista nake son a riƙa faɗa mana ba. A zaunar da waɗanda aka yaye, a kashe intanet, a ba su tambayar farko ta shafin atisayen Project Euler, ta tara duk lambobin da ke ƙasa da 1000 waɗanda 3 ko 5 ke rabawa, sannan a faɗa mana mutum nawa suka kawo 233168.