Ita Ake Wa Gori, Shi Ake Wa Uzuri

Da hantsi, a tashar mota ko bakin Kasuwar Kurmi, za a ga yarinya 'yar shekara 13 ɗauke da farantin gyaɗa, yayanta kuwa yana aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga namiji da mace, amma a gida an riga an yanke: ita za ta tara kuɗin kayan ɗakinta. In ta yi kwantai, ta sha duka. Kafin ta sayar kuwa, sai ta jure maganganun banza na 'yan tasha.

Ranar da wani ya yaudare ta, sai gari ya ɗauka. Manema su watse, a yi wa ƙannenta gori, uwarta ta kasa shiga biki. Shi kuwa gogan, sai a ce ƙuruciya ce, baɗi a kai masa lefe gidan mutunci.

Wannan hukuncin al'ada ne, ba na Allah (T) ba. A Suratun Nur, aya ta 2 haddi ɗaya ta yanke wa mace da namiji. Aya ta 30 kuwa maza ta fara umarta da runtse ido, kafin ta 31 ta zo kan mata.

To, samarin da ke cika sahu ranar Juma'a, ga aiki. Mai ƙanwa ya sauke mata farantin, ya rage kuɗin shayi ya saya mata littafi. Mai zaman majalisa ya kame idonsa da bakinsa. Allah Ya shiryar.