Burtun Maharban Amurka: Shin Ruɗin Dabba da Sura Ha'inci Ne?

Daga farkon Satumba zuwa farkon Oktoba, dazuzzukan Duwatsun Roki da ke yammacin Amurka sukan cika da wani dogon kuka, mai farawa da gurnani ya ƙare da siririn sauti kamar busar begila. Mai kukan shi ne namijin elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai ƙahonni masu rassa, wadda namijinta kan kai kilo 300 ko fiye. Lokacin barbara ke nan. Kowane ƙasaitaccen namiji yana tara garken mata, yana gadinsu, yana shelanta wa abokan hamayya cewa yana nan. A daidai wannan lokaci ne jihohi irin su Kolorado da Montana da Idaho suke buɗe wa masu kwari da baka ƙofar farauta, kafin a sako masu manyan bindigogi, yawanci a watan Oktoba.

Matsalar mai baka ita ce tazara. Mai bindiga yana iya kayar da dabba daga yadi 300, amma yawancin masu baka ba sa sakin kibiya da kwanciyar rai sai dabbar ta shigo tsakanin yadi 20 zuwa 40. Domin haka sukan kwaikwayi kukan ta mace da wani ɗan mabusi da ake sa wa a baki, ko su yi kukan namiji don su harzuƙa mai garke. Sau da yawa namijin yakan amsa, ya taho da zafinsa, sai ya ja birki a yadi 70 ko 80, daidai inda idonsa zai iya kaiwa ga wurin da sautin ya fito. Kunnensa ya riga ya auna masa wurin. Ya duba bai ga kowa ba, sai ya tsaya yana nazari, daga nan ko dai ya juya, ko ya zagaya ta inda iska za ta kawo masa ƙanshin mai kiran. Da ya shaƙi warin ɗan Adam, zance ya ƙare.

Domin toshe wannan gibi aka ƙirƙiro surar ruɗi. Wadda ta fi yaɗuwa hoton macen elk ne da aka buga a kan ƙyalle, aka ɗaure shi da siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, ta yadda maharbi zai naɗe shi kamar faifai ya jefa a jaka, in ya buƙata ya ware ya kafa shi da sanduna biyu. Kamfanin Montana Decoy, wanda ya soma a shekarun 1990, shi ya shahara da wannan samfuri. Akwai kuma wadda kai da wuya ne kawai ake riƙewa a hannu, da wadda ake maƙalawa a jikin bakan kansa, maharbi ya ɓuya a bayanta ya harba ta wata kafa da aka bari.

Akwai masu ganin wannan ha'inci ne. Hujjarsu ita ce, wanda ya zaɓi baka ya zaɓi wahala da gangan, kuma duk wata dabara da ke rage wahalar tana rage darajar farautar. Ra'ayina shi ne sun yi kuskure a kan sura, ko da yake akwai wani nau'inta da nake ganin bai kamata a yi amfani da shi a dajin jama'a ba, bisa wani dalili na daban da zan zo kansa.

Bahaushe bai kamata wannan dabara ta zame masa baƙuwa ba. Maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci namun dajin da suka saba ganin burtu a tsakaninsu. Ba a taɓa ƙirga wannan a matsayin ragwanta ba. Gwaninta ce da ake koya wajen manya. A Amurkan ma dabarar ta girmi bindiga. Wani zane da Theodor de Bry ya buga a 1591 yana nuna mutanen Timucua na Florida sun lulluɓa da fatun barewa har da kawunansu, suna laɓe da bakunansu a bakin ruwa. Shi kuma Ishi, mutum na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911, ya koya wa likitansa Saxton Pope farauta da baka, kuma cikin dabarunsa har da kan barewa da aka cusa wa kaya ana leƙo da shi daga bayan ciyayi. Sunan wannan likita ne rabin sunan ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, wadda kuma ita ce masu baka na Amurka suke komawa gare ta a kan ladubban farauta. Ƙa'idojinta sun hana jawo dabba da na'urar lantarki, sun hana harbin dabbar da ta maƙale a tarko ko a cikin shinge. Ƙyalle mai hoto bai shiga cikin haramtattun ba.

Dalilin bambancin a fili yake. Abin da ake nufi da farauta ta adalci shi ne a bar wa dabba hanyar tsira ta gaskiya, kuma sura ba ta toshe wannan hanya. Ido kaɗai take ruɗa, alhali elk da hancinsa yake rayuwa. A kan duwatsu iska tana gangarowa ƙasa da asuba saboda sanyi, in rana ta ɗaga ta juya tana hawa sama, a tsakanin nan kuma takan yi ta walagigi. Maharbin da bai karanci wannan ba, ko ya kafa surori goma, banza ne. Surar ma kanta ba kullum take ci ba. Tsohuwar mace mai jagorantar garke takan tsargu da 'yar'uwar da ta tsaya ƙyam ba ta motsa kunne, ta yi haushin gargaɗi, kowa ya watse. Namiji mai garke kuma wani lokaci yakan gwammace ya kora matan da ke hannunsa ya yi gaba, maimakon ya bar su don guda ɗaya.

Amma hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta rauni. Kibiya zubar jini take sa wa, kuma ba ta kashe dabba mai girman elk da sauri sai ta ratsa huhu biyu. Wannan yana buƙatar dabbar ta ba da gefe, ko ta ɗan karkata tana barin maharbi, kuma ta kasance kusa, a tsaye. Mutumin da ya yi kwana shida yana hawan dutse, ya ga namiji ya toge a yadi 70, zuciyarsa za ta raya masa ya gwada. A irin wannan nisa, taku ɗaya da dabbar za ta yi kafin kibiya ta iso ya isa ya mayar da harbin huhu ya zama na tumbi, sai ta tafi da kibiya a jiki ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu a inda ba mai ganinta. Idan ƙyalle mai hoto zai jawo ta yadi 40 gaba, ya kuma ɗauke idonta daga maharbi a lokacin da yake jan tsirkiya, to ya rage azaba. Wanda ya ƙi sura don kare martabarsa, sannan ya yi harbin nesa, dabbar ce ta biya kuɗin martabar.

Wannan hujja kuwa tana aiki ne idan an kafa surar yadda ya dace: mai kira da sura a baya, maharbi a gaba da yadi 30 zuwa 60, ya ɗan kauce zuwa ɓangaren da iska ke kaɗawa, domin namijin ya wuce ta gabansa yana ba shi gefe, hankalinsa na can wani wuri. Surar da ke maƙale a baka akasin haka take yi. Tana kiran dabbar kai tsaye zuwa ga maharbi, ƙirji gaba, idanu a kansa, wurin da za a harba ya ƙanƙance, ƙasusuwan kafaɗa sun tsare gefe da gefe. Gwanaye suna yin wannan harbi, amma ba gwanaye kaɗai ke sayen kayan ba.

Sai kuma batun ran mutum, wanda shi ne babban dalilina. Yawancin farautar elk a dazuzzukan gwamnati ake yin ta, inda kowa mai lasisi yake da damar shiga. A Kolorado, kwanakin masu bindigar toka suna faɗowa a tsakiyar watan masu baka, kuma a watan Satumban 2021, a dajin San Juan, wani mai irin wannan bindiga ya harbe wani mai baka har lahira, ya ce ya ɗauka elk ne. Laifin mai harbi ne, babu tantama, domin ƙa'idar farko ita ce kada ka harbi abin da ba ka tantance ba. Sai dai idan duhuwar itatuwa tana iya sa a ɗauki mutum a matsayin dabba, ina ga wanda yake kukan elk da bakinsa, sanye da tufafi masu kalar daji, ya kuma riƙe fuskar elk a daidai ƙirjinsa? Maharbin da ke da kan burtu tsuntsu yake kwaikwayo, kuma ba burtu sauran maharba suka fito nema ba. Wannan kuwa ya mayar da kansa ainihin abin da kowa ke nema a dajin. A yankunan da ke kewaye da Yellowstone ma akwai ƙarin mai amsa kira, wato babban beyar nan mai suna grizzly, wanda ya sha far wa masu baka a wannan wata.

Saboda haka da ni ne mai tsara doka a waɗannan jihohi, da na bar surar da ake kafawa a ƙasa yadda take, na hana ta hannu da ta jikin baka a dajin gwamnati a duk ranakun da aka halatta bindiga kowace iri ce. Zan kuma wajabta a ɗinka ƙyalle ruwan lemo a bayan kowace sura, a kuma naɗe ta a jaka idan ana tafiya. Idon elk ba ya rarrabe wannan launi yadda namu yake yi, don haka maharbi bai yi asarar komai ba, mutumin da ya ɓullo masa ta baya kuwa zai gan shi tun daga nesa.