Tumbi ba rawani ba ne

Jama'armu Hausawan Gadarif,

Mun gaji da jin ana yi wa mai tumbi kirari. Mutum ya sayar da riɗinsa, riga ta fara ƙin rufe masa ciki, sai a ce Alhaji ya samu. Amarya kuwa a killace ta ana ɗura mata madida da man shanu, kada dangin miji su ce a gidansu yunwa ake yi. Mu da muke rubuta wa dattawa takardun neman gudummawar asibiti, daga baya mu rubuta na ta'aziyya, mun san inda kirarin yake ƙarewa.

Likitoci suna lura da alamu biyar masu tafiya tare: faɗin ƙugu, hawan jini, sukari, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin maiƙo mai amfani. Uku suka haɗu, ciwon sukari da na zuciya suna bakin ƙofa. Ƙugun namiji ya kai santimita 94, na mace 80, an shiga haɗari.

Masu kirari suna ɗaukar kitsen ciki kamar dawa a rumbu, tana kwance sai ranar buƙata. Ba haka yake ba. Kitsen nan yana zuba sinadaran kumburi cikin jini, yana yawaita wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin bangon jijiyoyi yadda tsatsa take cin garma. Masu bincike suna ganin sawun ɓarnar: sinadarin MDA, ragowar maiƙon da ya lalace, yana hauhawa, glutathione mai kare ƙwayoyin jiki yana raguwa. Mutum kuwa yana yawonsa, bai ji ko ciwon kai ba.

Abin takaici, man riɗinmu ya yi suna wajen daɗewa bai lalace ba, saboda makaran da Allah ya sa a cikinsa. Muna loda riɗin a manyan motoci zuwa Bur Sudan, mu karya da zalabiyar da aka soya a man da ya kwana uku a kasko. Shayi kuma? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini. Kofi uku masu cokali huɗu-huɗu sun cinye kason kafin azahar, kuma a majalisun dattawanmu aka fi shan su, har da namu.

Wani zai ce rai na Allah ne. Haka ne, amma a makarantar da muka koyi wannan aka koya mana raba ciki gida uku. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, muka kuma karɓi 'yan'uwa daga Wad Madani, mun ga masu ciwon sukari suna zagaya kantunan magani suna neman insulin. Saboda haka muke roƙon limamai su ajiye awon tela a ƙofar masallaci ranar Juma'a, masu walima kuma su kawo sukari a gefe.