Gasar Jamus da ɗan dakon Birnin Ƙonni

Samarinmu sun kamu da kallon Hyrox a waya, gasar da aka ƙirƙira a Jamus a 2017. Gudun kilomita 8 ne, bayan kowace kilomita a yi wani aikin ƙarfi, kamar ɗaukar kilo 24 a kowane hannu har mita 200. Masu shiga kan yi watanni suna atisaye, da mai horarwa da ranakun hutu.

To mu fa, jama'a? Ɗan dakonmu a kasuwar Birnin Ƙonni tun asuba yake saɓar buhun masara mai kilo 100, ga rana, cikinsa ba komai sai fura. Ran da ƙugu ya riƙe mu ce rago ne, mu kira wani. 'Yan kasuwa, mu riƙa raba buhun biyu ko mu sayi amalanke, kuɗin magani kuma ya shiga cikin lada.