Bashin citta da haƙurin da ke biyansa

Har yanzu akwai gidaje a Fadan Kaje da Zonkwa da Kwoi da Kachia da ke biyan bashin daminar 2023. A waccan shekarar ce ganyen citta ya fara yin rawaya a gonaki, ya yanƙwane, manomi ya tona ƙasa ya tarar da abin da ya shuka ya ruɓe yana wari. Masana suka ce cutar fumfuna ce. Gwamnatin tarayya da kanta ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12.

Wanda bai taɓa noman citta ba zai ɗauka amfanin shekara ɗaya ne ya tafi. Abin ya wuce nan. Cittar da ake sayarwa ita ce kuma irin da ake shukawa, saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa na bana, ya rasa na baɗi a lokaci guda. Ita ce kuma asusun gida a wannan yanki namu. Ana fasa ta, a shanya, a ɗura a buhu, a ajiye a ɗaki har ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Da yawa sun ci bashi ne tun watan Afrilu da Mayu, na taki, na 'yan ƙodago, na ciyawar rufe gona, a kan alkawarin za su biya in an tona. Kuma duk wannan ya faɗo ne watanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600 kafin ƙarshen Yuli. Kuɗin mota ya ninka, buhun taki ya bi sahu.

A irin wannan hali kowa ya zo gaishe ka, abu ɗaya zai ce: "Sai haƙuri." Gaskiya ne, sai shi ɗin. Amma ina ganin mutane da yawa suna aikata wani abu daban da sunan haƙuri, kuma shi ne ke cinye su. Mutum ya kashe waya. Ya daina bin hanyar da shagon mai bin sa bashi yake. Ya daina zuwa taron ƙungiya, daga baya har sujada ko sallar jam'i ya fara yi wa baya-baya, don kada su haɗa ido. Yana cewa yana jiran Allah ya kawo mafita, alhali kunya ce ta kulle shi a ɗaki. Bashin yana nan inda yake, abin da ya ragu kawai shi ne yardar da mutane suka yi da shi, wadda ita ce jarin da ya rage masa.

Na san wani dattijo da ya bi wata hanyar. Dillalin da ke sayen cittarsa ne ya ba shi kuɗin taki. Da gonar ta lalace, bai jira a aiko ba. Ya tona saiwa biyu da suka ruɓe, ya naɗe a leda, ya ɗauki ɗan littafin da 'yarsa ke rubuta masa lissafi, ya hau babur ya tafi. Ya ajiye ledar a gaban mutumin ya ce, "Alhaji, ga abin da gona ta ba ni. Kuɗinka na wuyana, ban manta ko kwabo ba. Ba zan iya biya bana ba, amma in masara ta zo zan kawo maka buhu biyu, sauran mu raba shi kaka biyu." Dillalin ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Baba, tunda ka zo da ƙafarka, magana ta ƙare. Rubuta yadda ka faɗa." Suka rubuta, wani maƙwabcin shago ya sa hannu a matsayin shaida. Dattijon bai fita daga bashi ranar ba, amma ya koma gida ya ci tuwo ya yi barci, kuma da damina ta zagayo mutumin nan ne ya sake ba shi taki.

Irin haƙurin da nake kira a yi ke nan. A zauna a rubuta duk abin da ake bin mutum, kowa da sunansa da adadinsa, ko da hannu na rawa. Bashin da ba a ƙirga ba ya fi girma a cikin kai da tsakar dare fiye da yadda yake a takarda. A fara da wanda kuɗin ruwansa ke hauhawa kowane mako. A kai ɗan abin da ya samu, ko dubu biyu ce, a ranar da aka yi alkawari. Kuma maigida ya gaya wa matarsa gaskiya. Ita ce ke fasa cittar, ita ce ke adashi, sau da yawa ita ce ke da ɗan abin da za a tayar da komaɗa da shi. Ɓoye mata bai kare mutuncin kowa ba.

Abu ɗaya nake roƙon matasanmu da babbar murya: kada a ci sabon bashi don toshe tsoho, musamman na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar. Kuɗin ruwansu na kwanaki ne, kuma an san wasunsu da aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Ramce da daɗi, biya da wuya.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora haƙurin duka a kan wanda ake bi. Mai bin bashi ma yana da nasa rabon. Manomin da fumfuna ta cinye wa gona bai sha giya da kuɗin ba, bai yi caca ba. Bin sa har ƙofar gida ana ɗaga murya a gaban 'ya'yansa, ko ɗauke masa babur ɗin da yake acaɓa da shi, yana kashe hanyar da kuɗin za su fito ne. Limamanmu da fastocinmu duk sun san abin da littattafansu suka koyar game da jinkirta wa wanda ke cikin matsi, kuma zan so in ji ana wa'azinsa ga masu hannu da shuni kamar yadda ake yi wa talaka wa'azin haƙuri. Na ga ƙungiyoyin Zumuntar Mata da suka ɗaga wa mace zubin adashi na wata uku ba tare da an kai sunanta kasuwa ba. Ƙananan bankunan rance da ke da ofis da ma'aikata ba su da hujjar kasa yin irin wannan.

Ita ma gwamnati akwai bashi a kanta. An kafa kwamitin yaƙi da cutar, an kuma sanar da tallafin naira biliyan 1.6 a 2024. A auna shi da asarar biliyan 12 a ga tazarar. Hukumar inshorar noma ta ƙasa tana nan tun 1987, amma ka shiga kasuwar Kwoi ka tambayi masu citta ko wani ya taɓa zuwa ya yi musu bayanin yadda ake shiga. Manomin da zai sake zuba dukiyarsa a ƙasa yana bukatar iri mai lafiya wanda aka gwada, da malamin gona da zai taka har gonarsa ya gaya masa ko ta huta da citta bana, ya sa mata masara ko waken soya ko gangamau. Shugabannin ƙananan hukumomin Zangon Kataf da Jaba da Jama'a da Kachia da Kagarko su haɗa kai su kai wannan bukata Kaduna kafin ruwan Afrilu ya sauka, domin a lokacin ne ake cin bashin.